CIWON DAJI NA BAKI: ƘURJIN DA YA WUCE KASUWA UKU

Jawabin da Jami'in Ilmin Manya ya yi wa taron 'yan aji da malamansu

 

Yau maganarmu a kan baki ce. Da baki mu ke ci, da shi mu ke sha, da shi mu ke gaisawa da mutane. Amma in na tambaye ku, wa ya taɓa ɗaukar madubi ya buɗe bakinsa ya duba cikinsa sosai, na san 'yan kaɗan ne za su ɗaga hannu. Mutum ya san kowace kunya ta gonarsa, ya san tabon da ke jikin akuyarsa, amma bai san abin da ke ƙarƙashin harshensa ba.

To, akwai wani ciwo da ya kan fara a wannan wuri da ba mu dubawa. Sunansa ciwon daji na baki, waɗansu kuwa su kan ce sankarar baki. Abu ɗaya na ke so kowa ya koma gida da shi yau. Duk ƙurji, ko miki, ko tabo, ko kumburi da ya fito a baki, ya yi mako 3 bai warke ba, a kai shi wurin likita, ko yana zafi ko ba ya zafi. Wanda ba ya riƙe lissafin kwanaki ya lura da kasuwar garinsu mai ci mako-mako. In ta ci sau uku abin yana nan, lokacin tafiya asibiti ya yi.

Mene ne wannan ciwo?

Jikin mutum kamar gini ya ke. Yadda a ke jera tubali a tā da bango, haka jiki ya ke a haɗe da waɗansu ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kullum tsofaffi suna mutuwa, sababbi suna maye gurbinsu, kome bisa ƙa'ida. Cikin baki kuwa akwai wata 'yar fata mai laushi wadda ta rufe harshe da dasashi da kumatu da ganɗa. Idan wani abu mai dafi ya daɗe yana taɓa wannan fata, shekara da shekaru, sai waɗansu ƙwayoyinta su lalace. Su yi ta haihuwa ba tsayawa, su taru su zama ƙari ko miki, su shiga cin naman da ke kusa da su. Wannan shi ne daji. Cikin kowane 10 na dajin baki, wajen 9 daga wannan 'yar fata su ke farawa.

Manoma sun san ƙuduji. In ka tuge shi tun bai yi fure ba, ka huta. In ka bar shi ya zub da iri, baɗi sai ka gan shi ko'ina cikin gonar. Haka daji ya ke. Da fari yana wuri guda, ƙarami, likita yana iya yanke shi ya fitar. In an bar shi, sai ƙwayoyinsa su bi hanya su sauka a wuya, inda kaluluwa ke fitowa. Daga nan su kan wuce har huhu. A lokacin nan magani ya yi wuya ƙwarai.

Ciwon nan ba na ƙasa ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani ofishi a birnin Liyon na ƙasar Faransa, wanda aka kafa a 1965, aikinsa binciken daji kaɗai. Lissafin da ya yi na shekarar 2022 ya nuna mutum kusan 390,000 suka kamu da dajin baki da na leɓe a duniya, kimanin 188,000 kuma suka mutu da shi. Ya fi kama maza, ya fi kuma kama waɗanda suka wuce shekara 40, amma mata da matasa ba su kuɓuta ba.

Labarin shugabanni biyu

Bari in ba ku labarin mutum biyu, dukansu sun yi shugabancin ƙasar Amurka, dukansu kuwa mashaya taba ne.

Na fari shi ne Janar Girant, babban mayaƙi, wanda ya yi mulki daga 1869 zuwa 1877. Cikin watan Yuni na 1884 yana cin wani ɗan itace, sai ya ji zafi can cikin bakinsa wajen maƙogwaro. Aka ba shi shawara ya je a duba. Amma likitansa ya yi tafiya, shi kuwa ya ce sai ya dawo. Bai je an duba shi sosai ba sai watan Oktoba. Da likitoci suka gwada, suka tarar daji ne a gindin harshe, suka ga ya wuce yanka. Haɗiya ta gagare shi, magana ta yi masa wuya, har ya zama sai ya rubuta abin da ya ke so a takarda. Ya mutu ran 23 ga Yuli, 1885.

Na biyu shi ne Kilibland. Cikin watan Mayu na 1893, yana kan mulki, ya ji wani wuri mai kaushi a ganɗarsa ta hagu. Cikin Yuni likita ya duba, aka ɗebi ɗan naman wurin aka gwada. Ran 1 ga Yuli aka yi masa aiki a ɓoye cikin wani jirgin ruwa, don kada labari ya tā da hankalin ƙasa. Aka cire ciwon duk da waɗansu haƙora da wani sashe na muƙamuƙinsa na sama, aka yi masa na roba aka sa a gurbin. Ya koma aikinsa, ya ƙare mulkinsa a 1897, ya rayu har 1908, ciwon kuwa bai dawo ba.

Gaskiya ne ciwon nasu ba iri ɗaya ba ne sak. Da likitocin baya suka sake duba naman da aka cire wa Kilibland, sun ga irin dajin nan ne mai tafiyar hawainiya. Amma ku lura, ba wanda ya san irin da ya same shi sai an gwada. Ɗaya ya jira wata huɗu, ɗaya kuwa cikin wata biyu an gama masa aiki. Har yanzu lissafin likitocin Amurka yana nuna haka. Cikin waɗanda aka gano nasu tun yana wuri guda, fiye da 8 cikin 10 suna nan da rai bayan shekara 5. Cikin waɗanda nasu ya riga ya yi nisa cikin jiki kuwa, wajen 4 ne kaɗai cikin 10.

Abubuwan da ke kawo shi

Na ɗaya, kuma babbansu, taba. Hayaƙin taba yana ɗauke da abubuwa fiye da 7,000, wajen 70 daga cikinsu an tabbata suna kawo daji. Tun 1950 masu bincike biyu na Ingila suka nuna alaƙar sigari da dajin huhu. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoto wanda ya ƙara da dajin maƙogwaro, ya kuma haɗa shan lofe da dajin leɓe. Kafin hayaƙi ya kai huhu, ai ta baki ya ke bi. Sigari, da lofe, da shishar nan da samari ke zuƙa a gari, duk jirgi ɗaya ya ɗebo su. Ruwan da ke cikin tukunyar shisha sanyaya hayaƙi ya ke yi, ba ya tace dafin.

Na ga waɗansu dattawa suna murmushi, suna cewa a ransu, mu ai ba mu busa hayaƙi, taba gari mu ke ci. To, Baba, da kai na ke. Mai sigari ya kan zuƙa ya fesar. Kai kuwa ka kan buɗe batta, ka ɗiba, ka cusa tsakanin leɓe da dasashi, ko cikin kunci, ta zauna nan tana jiƙa. In ta salance ka tofar, ka sake wata, a wuri guda, yau da gobe, shekara 20 ko 30. Kanwar da a ke haɗa ta da ita kuma tana sa ƙarfin tabar ya shiga jiki da sauri, shi ya sa barinta ya ke da wuya. Tun 1985 ofishin nan na Liyon ya sa tabar ci cikin abubuwan da aka tabbata suna kawo dajin baki. A ƙasar Sudan akwai irin wannan taba, suna ce mata tumbak, su ma da kanwa su ke haɗa ta. Likitocin can sun ga dajin ya kan fito daidai inda mutum ya saba ajiye ta.

Na biyu, giya. Ko ta kwalba, ko burkutu, ko ogogoro, duk ɗaya ne. Giya tana tausasa fatar baki har dafin taba ya sami hanyar shiga, ita kanta kuma in ta shiga jiki ta kan juya ta zama wani abu mai lalata ƙwayoyin nan. Wanda ya haɗa taba da giya, haɗarinsa ya ninka na mai yin ɗaya sau da yawa.

Na uku, wani ɗan itace da mutanen Indiya da Fakistan da maƙwabtansu ke taunawa, su kan naɗe shi cikin ganye da farar ƙasa, sau da yawa har da taba. Saboda shi dajin baki ya yi yawa ƙwarai a waɗannan ƙasashe. Wannan ba goronmu ba ne, itacensa dangin kwakwa ne. Na faɗa muku ne don matafiya, in an miƙa muku a can, ku ce kun gode. Game da goro kuwa, abu biyu zan ce. Kada a haɗa shi da taba ko furen taba. Sa'an nan jan da ya ke bari yana iya ɓoye tabo, saboda haka a kurkure baki sarai kafin a duba.

Na huɗu, rana. Zafin rana na shekaru yana iya kawo daji a leɓen ƙasa. Ya fi samun masu hasken fata, musamman zabiya. Wanda ya ke da ɗa zabiya ya saya masa malafa mai faɗi, kada ya bar shi cikin rana tsaka ba inuwa.

Na biyar, wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira HPV, wadda a ke ɗauka ta wajen saduwa. Ita ce ke kawo sankarar bakin mahaifa ga mata, tana kuma kawo daji can ciki, wajen gindin harshe da maƙogwaro. Akwai allurar rigakafinta. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta.

Duk da haka, akwai wanda bai taɓa shan taba ko giya ba, ciwon ya same shi. Saboda haka kada mu ga mai ciwo mu ce shi ya jawo wa kansa. Kada kuma wani ya ce, ni ba na shan kome, ba ruwana da duba baki.

Alamun da za a lura da su

Kowa ya san ƙurjin nan na baki mai raɗaɗi, wanda ya kan fito bayan zazzaɓi, ko in mutum ya ciji harshe. Yana da zafi, ba ya son yaji, amma cikin mako ɗaya ko biyu ya warke. Wannan ba abin tsoro ba ne. Daji kuwa sau da yawa ba ya zafi da fari. Nan ne ya ke yaudarar mutane. Sai mutum ya ce, ai ba ya damuna. Ran da ya fara damunsa, ya riga ya yi saiwa.

Ga alamun, ku saurara da kyau:

1. Miki ko ƙurji a harshe, ko kunci, ko dasashi, ko leɓe, wanda ya yi mako 3 bai warke ba, musamman in gefensa ya yi tauri.
2. Farin tabo wanda ko an goge shi da tsumma ba ya fita.
3. Jan tabo mai laushi wanda ya ƙi ɓacewa. Wannan ya fi farin haɗari.
4. Ƙari ko kauri a cikin baki, wanda harshe ko yatsa ke ji.
5. Kaluluwa a wuya mai tauri, marar zafi, wadda ta wuce mako 3 ba ta saɓe ba.
6. Haƙori ya kama girgiɗa ba dalili, ko an cire haƙori ramin ya ƙi cikewa.
7. Leɓe ko harshe ya mutu, ba a jin taɓi.
8. Wahalar tauna, ko haɗiya, ko juya harshe, ko buɗe baki.
9. Murya ta dushe fiye da mako 3, ko ciwon kunne ɗaya wanda ya ƙi tafiya.
10. Jini yana fita daga wani wuri a baki ba tare da rauni ba.

Ganin ɗaya daga cikin waɗannan ba shi ne tabbacin daji ba. Galibi ma wani abu ne mai sauƙi, kamar karyayyen haƙori da ke gurzar harshe. Amma ni ban iya rarrabewa da ido, ku ma ba ku iyawa, mai kemis ma haka. Aikin likita ne.

Akwai kuma wani ciwo na yara wanda mutane da yawa ke kira daji, alhali daban ya ke. Likitoci suna ce masa noma. Ya kan kama yara masu shekara 2 zuwa 6 waɗanda ba su samun isasshen abinci, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Dasashi ya yi miki, baki ya yi wari, kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki ya huje. Wannan ba a jira masa mako 3, ko kwana ɗaya ba a jira. A kai yaro asibiti ran nan, gama in an yi sauri magani yana tsai da shi. Akwai asibiti musamman dominsa a Sakkwato tun 1999.

Yadda za ka duba bakinka

Sau ɗaya a wata ya isa. Ka zaɓi ranar da ba za ka manta ba, alal misali ran da aka ga sabon wata, washegari da safe. Ka wanke hannu da sabulu, ka kurkure baki, ka fita inda haske ya ke da madubinka. Mai haƙoran roba ya cire su tukuna.

Ka fara da leɓɓa. Ka jawo na ƙasa ka duba cikinsa, ka ɗaga na sama. Sa'an nan ka ja kunci da yatsa, dama da hagu, ka duba har ƙurya. Mai cin taba ya tsaya sosai a inda ya saba ajiye ta. Ka duba dasashi. Ka ɗaga kai ka duba ganɗa. Ka zaro harshe, ka kama bakinsa da tsumma mai tsabta, ka ja shi dama ka duba gefen hagu, ka ja shi hagu ka duba gefen dama. Ka ɗaga shi sama ka duba ƙarƙashinsa. Gefen harshe da ƙarƙashinsa, nan ne dajin baki ya fi son fitowa. Daga ƙarshe ka shafa wuyanka da yatsu, daga bayan kunne, ka bi ƙarƙashin haɓa, har zuwa ƙashin wuya, ka ji ko akwai ƙari.

Duk wannan bai kai lokacin shan kofin koko ba. Tsoho wanda idonsa ya yi rauni, ɗansa ya duba masa da tocilan. Miji ya duba wa matarsa, ita ma ta duba masa. In an ga wani abu, a rubuta ranar a takarda, da wurin da ya ke, da girmansa, ko kamar ƙwayar dawa ne, ko kamar wake. Bayan mako 3 a sake dubawa. In yana nan, a tafi da takardar. In kuwa yana girma da sauri, ko yana jini, kada a jira.

Inda mu ke ɓata lokaci

Ku bar ni in faɗi yadda abin ya kan kasance a wurinmu, ku gani ko na yi ƙarya. Mutum ya ga miki a bakinsa, ya ce zafi ne, ya sha jiƙo. Wata ya wuce. Ya je kemis ya sayi kafso, ya sha, ya ga kamar da dama-dama. Wata biyu. Wani ya ce a sa kanwa ko toka. Ƙari ya fito a wuya, a kira wanzami ya yi tsaga ko sakiya. Wata shida. Sai ran da tuwo ya gagara haɗiya, baki ya fara wari, sa'an nan a sayar da tunkiya a nemi mota. Likita ya duba, ya ce, ina ma kun zo tun bara.

Daga nan ne maganar nan ta fito, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, in likita ya taɓa shi mutum ya tafi. Jama'a, ku yi tunani. In an kai mutum asibiti bayan ciwo ya cinye shi, ya mutu, allura ce ta kashe shi ko jinkiri? Kilibland da na ba ku labari, ai da ƙarfe aka yanke nasa, ya ƙara shekara 15 a duniya. Abin da daji ya ke so shi ne a ba shi lokaci.

Ga abin da a ke yi a asibiti, don kada tsoro ya hana ku zuwa. Likita, ko likitan haƙori, zai duba da fitila, ya taɓa da yatsa. In ya yi shakka, sai ya yi allurar kashe zafi a wurin, ya ɗebi ɗan nama kaɗan, ya aika a duba da madubin likita. Wannan ɗiba ba ta watsa ciwon, ita ce kaɗai hanyar sanin gaskiya. In daji ne ƙarami, a kan yi tiyata a cire shi. In ya fi haka, a kan ƙara da wani haske mai ƙarfi na inji wanda ke ƙone ƙwayoyin ciwon, wani lokaci da magunguna na ƙarin ruwa. Manyan asibitocin koyarwa na Zariya, da Kano, da Sakkwato, da Maiduguri, duk suna da sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi.

In ka fara da ƙaramin asibitin garinku, aka ba ka magani, ka shanye, mako 2 ya wuce abin bai warke ba, ka koma. Ka ce cikin ladabi, Malam, ga ranar da abin nan ya fara, don Allah a ba ni takarda zuwa wurin likitan haƙori. Wannan ba rashin kunya ba ne. Na san akwai maganar kuɗin mota da na magani, ba kuwa ƙaramar magana ba ce. Amma kuɗin cire abu kamar wake bai kama ƙafar kuɗin jiyyar wanda ya ci rabin muƙamuƙi ba.

Abu ɗaya kuma. Daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba a ɗaukarsa a ƙwarya, ko cokali, ko gaisuwa. Wanda ya kamu, kada a ware masa kwano, kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki. A dama masa kunu da fura mai laushi, a raka shi asibiti, a zauna a yi hira da shi.

Rigakafi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ga abin da kowa zai iya yi.

A bar taba, kowace iri. Kada wani ya ce, na shekara 30 ina sha, me bari zai ƙara mini yanzu? Likitoci sun gano wanda ya bar sigari, cikin shekara 5 zuwa 10 haɗarin dajin baki da maƙogwaro ya kan ragu masa da rabi. Barin yana da wuya, ban ɓoye muku ba. Makon fari mutum ya kan yi fushi, kansa ya yi ciwo, barci ya ƙi. Bayan 'yan makonni abin ya kan lafa. Ka sa rana, ka gaya wa iyalinka da abokanka, ka zubar da abin da ke cikin batta, kada ka ba wani. In sha'awa ta taso, ka sa asawaki a baki, ka sha ruwa, ka tashi ka kama wani aiki. In ka koma, kada ka fid da rai, ka sake sa rana. Da yawa sai da suka gwada sau uku ko huɗu kafin su rabu da ita.

Kada a aiki yaro sayen taba. Dokar Nijeriya ta 2015 ta hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba. Yaron da ya saba kawo wa ubansa, wata rana zai saya wa kansa.

A bar giya. A riƙa cin 'ya'yan itace da ganye, kamar mangwaro, gwanda, lemo, tumatir, zogale, rama da alayyafo, gama masu cinsu kullum ciwon bai cika kama su kamar waɗanda ba su ci ba. A tsabtace baki safe da dare, da asawaki ko buroshi. Karyayyen haƙori mai kaifi a kai a gyara ko a cire. A kai 'yan mata rigakafin da na ambata.

Yanzu malaman aji za su rubuta waɗannan layuka uku a allo, kowa ya kwafa cikin littafinsa, ya karanta wa mutanen gidansu yau da dare:

Zan duba bakina sau ɗaya a wata.
Abin da ya wuce mako 3 bai warke ba, sai likita.
Rashin zafi ba shi ne lafiya ba.

Ranka ya daɗe, ina roƙon dagatai da masu unguwa su kai wannan magana ƙauyukansu, musamman ga dattawa masu batta waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya san yana da wani abu a bakinsa da ya daɗe, kada ya ji kunya, ya tsaya bayan an tashi, mu shirya ranar da zai je a duba shi.

Allah ya ba mu lafiya.